Gemu Ba Ya Hana Alƙalami: Sharhi Kan Waɗanda Suka Fara Da Girma

Mai karatu, bari in fara da gaya maka abin da ya jawo wannan sharhi. Bayan Sallar Gani da ta wuce, ina zaune a ƙofar gida a nan Daura, sai ga yaro da saƙo daga gwaggon wani abokina, wadda ke zaune a wani ƙauye ta wajen Sandamu. Saƙon littattafan rubutu ne guda uku irin na 'yan makaranta, an ɗaure su da ƙyallen atamfa, an cika su taf da rubutun biro. Yaron ya ce Gwaggo ta ce in karanta in faɗa mata tsakani da Allah. In abin kirki ne, to. In kuwa shirme ne, in maido mata ta sa a murhu tun jikoki ba su gani sun yi mata dariya ba.

Wannan baiwar Allah ta haura shekara 50. Ba ta taɓa shiga ajin firamare ba. Sai da ta aurar da 'yarta ta fari sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta koyi haɗa baƙi da wasali. Ta yi shekaru tana sauraron littattafan da ake karantawa a rediyo, rannan sai ta ce bari ita ma ta gwada. Na kwana uku ina juya littattafan nan ina tunanin abin da zan ce mata. In na yabe ta don kunya, na cuce ta. In na auna ta da mudun da muke auna ƙwararru, na kashe mata gwiwa, wataƙila har abada. Wannan ne ya sa na koma kanta na ɗauko wasu tsofaffin littattafanmu, don in ga yadda waɗanda suka fara da girma suka yi, ina suka yi zarra, ina kuma suka yi tuntuɓe.

Maganar baiwa

Mu Hausawa muna da wata kalma da muke rufe baki da ita, wato baiwa. Da an ga mawaƙi ko marubuci ya shahara sai a ce ai baiwa ce, tun yana yaro ake ganin alama. A nan Daura ba mu rasa misali, don kuwa a garin nan aka rufe Alhaji Mamman Shata a 1999, saboda amincin da ke tsakaninsa da marigayi Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Shata kam tun yana saurayi ya kama waƙa, duk da mahaifinsa bai so ba. Babu mai gardama a kan baiwarsa. Inda gizo ke saƙa shi ne mun mai da labarin irin su Shata ya zama doka, har wanda ya kai shekara 40 bai taɓa rubuta layi ɗaya ba yana ganin shi an rufe rabon ba ya nan. Muna cewa gemu ba ya hana ilimi, amma da dattijo ya ce zai rubuta labari ko zai fito a fim, sai ka ji ana cewa, "Tsofai-tsofai da kai?"

To, tarihin adabinmu bai goyi bayan wannan magana ba, tun daga tushe.

Wa da ƙane a gasar 1933

Kowane ɗalibin Hausa ya san gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da littattafan zube na farko a boko. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne biyu daga cikin waɗanda suka yi nasara wa da ƙane ne, dukkansu malaman makaranta a Katsina. Abubakar Imam, mai "Ruwan Bagaja", an haife shi a 1911, wato yana da shekara 22. Wansa Malam Bello Kagara, mai "Ganɗoki", an haife shi a 1890, ya haura 40 ke nan lokacin da ya zauna rubuta labarin ƙirƙira.

Ka ɗauki littattafan biyu ka jera. Imam yaro ne mai kaifin basira da ya sha karatun littattafan Larabci, ya ɗebo daga can ya saƙa da gwanintar harshe da barkwanci. Bello Kagara kuwa da wani abu daban ya zo. Yana ɗan yaro a ƙasar Kwantagora aka yi zuwan Nasara a 1901, ya tashi cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. Shi ya sa kashin farko na "Ganɗoki", inda ake gwabzawa da Turawa, yake da nauyi. Kana jin ƙurar dawaki, kana jin kirari, kana jin baƙin cikin mutanen da duniyarsu ke rushewa. Amma da labarin ya bar ƙasarmu ya faɗa ƙasashen aljanu, sai ya koma irin tatsuniyar jarumta da kowa zai iya kitsawa. Ni a ganina, inda dattijon ya rubuta abin da ya sani, babu na biyunsa a cikin 'yan gasar. Inda ya ari rigar wasu, nan ya zama kamar kowa. Ka riƙe wannan, mai karatu, don za mu sake cin karo da shi.

Hajiya Balaraba: daga "jahila" zuwa marubuciya

In ana maganar wanda ya gano basirarsa da girma, ban san misalin da ya kai na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammed, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta tana 'yar shekara 13 ko ƙasa da haka a yi mata aure da babban mutum ba. Auren bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ne ta bi ta hanyar karatun manya ta ƙware a rubutu da karatun Hausa. Littafinta na farko, "Budurwar Zuciya", ya fito a 1987, lokacin tana dab da shekara 30, ta riga ta ga aure, ta ga saki, ta ga haihuwa. Ta shiga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano, tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa.

Duba "Wa Zai Auri Jahila?" na 1990. Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta, ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari ya je birni ya yi boko ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba, aka ɗauke ta aka ba Sarkin Noma, sa'an ubanta. Ta sha azaba, ta gudu Kano wurin Hajiya Kumatu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Duk wanda ya karanta babin da aka kai Abu ɗakin Sarkin Noma ya san wannan ba rubutun jita-jita ba ne. Babu ado, babu kwalliyar kalmomi, tsoron yarinya ne tsirara a kan takarda. Saurayi ɗan jami'a da ya haddace ka'idojin adabi ba zai iya rubuta wannan babin ba, ko da ya fi ta iya jera jimla.

Amma fa ba zan ɓoye maka ba, littafin yana da rauni. Da Abu ta shiga birni, sai hawanta ya yi santsi da yawa. Wahalar babba mai koyon karatu, irin ranar da za ka kasa abin da ɗan aji biyu ya iya, irin gajiyar da ke sa mutane da yawa su watsar, ba ta samu filin da ya kamata ba. Sannan akwai wuraren da marubuciyar ke karɓe bakin taurarinta ta yi mana lacca kan muhimmancin ilimin mata, alhali labarin ya riga ya gama faɗar wannan da kansa. Ɗokin wanda ya daɗe da magana a ciki ne, ya samu dama yana so ya amayar da ita duka.

"Alhaki Kuykuyo Ne", shi ma na 1990, ya fi nuna ƙwarewa. Rabi, uwar 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma kuɗin cefanen da yake bayarwa ba su isa ko rabin gida. Ya auro Delu, aka yi rikici, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ta kama sayar da abinci tana riƙe su. Ƙarfin wannan littafi yana cikin lissafi: nawa aka bayar, me aka saya, wa ya ci, wa ya kwana da yunwa, wa zai biya kuɗin makaranta. Wadda ba ta taɓa riƙe tukunyar gida ba ba za ta san nan ne ainihin filin yaƙin ba. Inda na ke da ja shi ne yadda sakayya ke zuwa a kan kari kamar an aike ta. Saudatu, 'yar Rabi, ta samu attajiri Alhaji Abubakar, gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya. Kana hango hannun marubuciya tana tura ƙaddara. Sai dai ƙarshen ya wanke wannan laifi. An matsa wa Rabi ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, ta koma ba don zuciyarta ta so ba. Yaro mai rubutu da ya kawo nan sai ya rufe da shagali da yafiya. Wadda ta ga jiya ta ga yau ta san yadda irin wannan sulhu yake ɗaci, ta kuma bar shi da ɗacinsa.

An mai da littafin fim a 1998. A 2012 kuma wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya, Blaft, ya buga fassararsa ta Ingilishi wadda Aliyu Kamal ya yi. Ita kanta Hajiya ta shiga shirya fim, har ta fito da "Juyin Sarauta" a 2017. Yarinyar da aka taɓa yi wa gorin jahilci, yau ana nazarin littattafanta a jami'o'in gida da waje.

Ba daga sama suka faɗo ba

Kada mu ɗauka abin sa'a ce kawai. Akwai ƙofar da aka buɗe. Tun a shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da gangamin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, yana cikin jagororinsa, aka riƙa buga jaridu da ƙananan littattafai don manya masu koyo. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Jihar Kano, wadda har UNESCO ta karrama a 1983. Azuzuwan yamma da na dare suka cika da 'yan kasuwa, teloli da matan aure. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka littattafan soyayya suka ɓarke a Kano. Ni ban ga wannan a matsayin katari ba. An koya wa manya karatu, suka nemi abin karantawa da ya yi kama da rayuwarsu, da ba su samu ba suka rubuta da kansu.

Ado Ahmad Gidan Dabino ɗaya ne daga cikinsu. An haife shi a 1964, ya yi karatun allo, bokonsa kuwa a ajin manya na yamma ya fara shi a shekarun 1980. "In Da So Da Ƙauna", labarin Sumayya da Muhammad, ya fito a farkon shekarun 1990 ya karaɗe ƙasar Hausa. A wancan lokaci wasu masana, irin su Malam Ibrahim Malumfashi, sun kira irin waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, suka soki ingancinsu, wasu kuma irin su Abdalla Uba Adamu suka kare su. Masu sukar suna da gaskiya a kan kurakuran rubutu da rashin tacewa. Abin da lokaci ya nuna shi ne kuskuren ƙa'idar rubutu ana gyara shi, mai shi ma yana girma. Gidan Dabino ya ci gaba har ya koma rubuta wasan kwaikwayo irin su "Malam Zalimu", a 2014 kuma gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON.

A fim da waƙa ma haka ne

Ku 'yan kallo, ku tuna marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso. Malamar makaranta ce kafin ta shigo industiri a shekarar 2000 da fim ɗin "Linzami Da Wuta" na kamfanin Sarauniya, ta riga ta haura shekara 30. Har ta rasu a Afrilun 2024, in ta fito a masifaffiyar uwar miji ko kishiya, sai ka rantse ka san matar a unguwarku. Harara, tafa hannu, jan tsaki, habaici, duk ta gan su a gidajen biki da tsakar gida shekara da shekaru kafin ta tsaya gaban kyamara. Laifin da na ke gani na daraktoci ne, da suka ga ta iya wannan sai suka ɗaure ta a kansa, ba su cika ba ta rawar da za ta nuna sauran abin da ke cikinta ba.

A jiharmu ta Katsina, Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa tana matar aure mai 'ya'ya ta fara fita kiɗan amada a gidajen biki a shekarun 1970, da ƙwarya da 'yan amshi, ta riƙa yi wa mata waƙar sana'a da zaman kishi da haihuwa har ta rasu a 2013. A can Senegal kuma, Usman Sembene, wanda ake kira uban fim ɗin Afirka, ya yi su, ya yi birkila, ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai a Faransa. Littafinsa na farko ya fito a 1956 yana da shekara 33. Sai da ya kusa 40 ya tafi Mosko koyon fim, ya fitar da "Borom Sarret" a 1963, labarin mai amalanken doki a Dakar. Wa zai fi tsohon ɗan dako sanin yinin talaka?

Abin da na fahimta

In ka haɗa waɗannan duka, abu guda ke fitowa. Aikin fasaha yana buƙatar abin faɗa, yana kuma buƙatar dabarar faɗarsa. Yaro kan fara da dabara, ya jira rayuwa ta ba shi abin faɗa. Babba yana zuwa da rumbunsa cike, dabarar ce bai iya ba. Ita kuwa dabara ana koyonta, kamar ɗinki ko saƙa. Shekara talatin na zaman duniya kuwa babu makarantar da ke koyar da su a wata shida.

Cututtukan mai farawa da girma guda uku ne, kuma duk na gan su a sama. Na farko gaggawa, yana so ya zuba rayuwarsa kaf a littafi ɗaya don yana ganin lokaci ya ƙure. Na biyu wa'azi, ya saba yi wa 'ya'ya faɗa, sai ya mai da mai karatu ɗansa. Na uku, wanda ya fi muni, raina abin da ya sani. Yana ganin rayuwarsa ta ƙauye ko ta kasuwa ba ta isa shiga littafi ba, sai ya kama kwaikwayon abin da ya gani a finafinai.

Mu ma muna da namu laifin. Masu shirya gasa da bita sun fi karkata ga matasa, wasu ma har iyakar shekaru suke sawa. 'Yan'uwa a gida su ne na farko wajen dariya. Mu masu sharhi kuma mun fi son kama kuskuren "ƙ" da "k" a kan mu nuna wa mutum shafin da ya yi kyau da dalilin kyansa. Yanzu da kowa ke iya sakin littafi ta WhatsApp ba tare da ya bi ta hannun edita ba, buƙatar mai faɗa wa marubuci gaskiya ta ƙaru ainun.

Komawa ga Gwaggo

Littafinta na farko kaf labarin wani ɗan attajiri ne a Abuja, da motoci, da otal, da budurwa mai karatu a Dubai. Gwaggo ba ta taɓa wuce Kano ba. Na karanta ina hamma. Amma a tsakiyar littafi na biyu, sai kakar yarinyar ta zauna tana ba da labarin farin 1984. Shafi goma sha ɗaya ne. Amarya 'yar shekara goma sha huɗu tana kallon uwargida na auna gero da tiya, kullum ana rage tafi ɗaya ba a gaya wa kowa. Maigida ya ja sansa na ƙarshe zuwa kasuwar Mai'aduwa, ya dawo da dare ya rataye igiyar a bakin rumbu, bai ce uffan ba, matan ma ba wadda ta tambaye shi. Igiyar nan ta yi shekara a rataye, ba mai taɓa ta. Wallahi da na zo nan sai da na ajiye littafin na yi shiru. Babu aya, babu waƙafi, kalmomi a manne da juna, amma na daɗe ban karanta abin da ya taɓa ni haka ba.

Ranar Juma'a na hau mashin na tafi ƙauyen. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, wannan amaryar ta lokacin fari, wace ce?"

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ai cikon shafi ne na sa. Wa zai so jin labarin yunwa?"

Na ce, "Gwaggo, ku yi mini afuwa, amma shi ne littafin. Na Abujan nan akwai masu rubuta irinsa dubu, kuma sun fi ku sanin Abuja. Wannan kuwa in ba ku rubuta ba, ya tafi ke nan."

Ta yi jim, sannan ta ce, "To ai rubutun nawa duk kuskure ne."

Na ce mata wannan aikina ne, ni da jan biro. Na roƙe ta abu biyu: kada ta yi wa kowa nasiha a ciki, kuma kada ta aurar da amaryar ga attajiri don a ji daɗi. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Amma bayan mako biyu yaron nan ya sake zuwa, wai Gwaggo ta ce a sayo mata littafin rubutu guda biyu masu ganye 80, da biro baƙi, shuɗin yana wahalar mata da ido.

Ban sani ba ko za ta gama. Wataƙila hidimar gida da damina su cinye lokacin. Amma kai mai karatu da ke tsakanin Daura, Baure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu, ko ma ina kake, in akwai irin wannan a gidanku, uwa ko kawu ko tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya yana ɓoye takardu a ƙarƙashin katifa, ka karɓa ka karanta kafin ka yi dariya. In kuwa kai ne mai ɓoyon, to ka fara da abin da idonka ya gani. Ƙasar da ta ba mu Sa'idu Ahmed Daura mai "Tauraruwar Hamada" ba ta rasa masu labari ba, kunya ce ta hana su fitowa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.